Littafi na Takwas

6 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna. Ya ƙafarta? Ki ce na ce ta daina tsayuwa a bakin murhu tana cewa ta warke, na san halinta. Ni lafiya lau, sai idon hagu da hasken walda ya ɗan taɓa, an ɗiga min magani ya wuce. Aikin madatsar ruwan yana nan yadda na ba ki labari, ƙarfe da ƙara daga safe har yamma. Waya ba ta kamawa ko an hau tudu, shi ya sa na koma takarda. Motar da ke kawo mana kayan abinci ce ke ɗaukar wasiƙu, duk mako biyu.

To, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Gwaggo ta aiko min wasiƙa, shafi uku. Ta ce sau uku a mako, in kin tashi daga asibiti ba ki zuwa gida, sai ki zarce gidan tsohuwar likitan nan da ta yi ritaya. Ta ce Rashanci kike koya. Ta ce ranar da ta je duba Inna ta same ki a gaban madubi da fensir a baki, kina wani gurnani kamar an taka miki ciki.

Auta, ni ba yaro ba ne. Mai gwajin jini ba ta koyon harshen wata ƙasa don ta yi hira da kwalabe. Wa ya yi miki alkawarin aiki? Yaushe ne tafiyar? Inna ta sani, ko ita ma rufa-rufa kike mata? Wata huɗu kacal da rasuwar Baba, ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, ke har kin fara haɗa jaka.

Kin kuma san ni ba zan iya dawowa gidan nan in zauna da ita ba. Shekara goma sha huɗu ke nan da Baba ya tsaya a tsakiyar shagonsa na gyaran injina ya ce na ɗauki ma'auninsa na sayar, ƙaramin nan na auna kaurin ƙarfe, mai akwatin katako, wanda ya dawo da shi daga karatu. Na rantse, ya ce in fita. Ke kina ƙarama, amma kin ji komai. Sau biyu na zo tun daga nan, in gaishe shi ya amsa ya tashi ya tafi shago. Ya koma ga Allah yana ɗaukata ɓarawo. Kwana uku a ƙarƙashin rufinsa ma da ƙyar nake yi.

Ki faɗa min gaskiya, kar ki kewaya.

Yayanki

19 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, ta ce kai ma ka daina kallon wuta da ido tsirara, tunda kowa ya zama likitan wani. Gwaggo tana nan garau, mai ƙarfin cika shafi uku ai ba ta da ciwo.

Ba inda za ni. Ka ji? Ba inda za ni. Shekara goma sha huɗu ni ke kai Inna asibiti, ni na riƙe Baba har ya cika, sai yau ne za a tuhume ni da gudu? Wallahi ka ba ni haushi, na ajiye wasiƙarka kwana uku kafin in iya amsawa.

Ga abin da ya faru. Na je share shago, na jawo aljihun teburin Baba na ƙasa ya ƙi fitowa, sai da na sa ƙafa. Littattafai ne a ciki, goma sha ɗaya, masu baƙin bango, ya sa wa kowanne lamba. Cike suke da rubutunsa, amma da haruffan Rashanci, na can inda ya yi karatun injina kafin ya auri Inna. Ta ce ta sha ganinsa yana rubutu in ya tashi daga aiki, ta ɗauka awon ƙarfe ne.

Lamba dai lamba ce ko a wane harshe, don haka na iya karanta kwanan wata. Yaya, littafi na takwas ya fara ne a ranar da ka bar gida. Sauran ranaku layi biyu ne ko uku. Ran nan shafi guda ya cika.

Za ka ce me ya hana in kai wa Likita ta karanta min, tunda ita ma can ta yi karatu. Ban san abin da ke ciki ba. In zagi ne, in wani asiri ne, ba bare ce za ta riga mu ji ba. Ban ma gaya mata akwai su ba, na ce sha'awa ce kawai. Ta dube ni ta saman tabarau.

Haruffa talatin da uku ne. Wasu 'yan gida ne, A da K da M da O da T, yadda ka san su. Wasu kuma munafukai ne. Ka ga Р ka ce P ce, ashe R ce. Н ba H ba ce, N ce. С kuwa S ce. Akwai Я, kamar R ta yi fushi ta juya baya, ana kiranta "ya". Akwai Ж mai ƙafafu kamar kyankyaso. Fensirin da Gwaggo ta gani kuwa na Ы ne, sautin da babu shi a bakinmu. Likita ta ce in ciji fensir in ce "i" daga can maƙogwaro. Gaisuwarsu kaɗai, "zdrastvuyte", ta kusa karya min harshe, baƙaƙe uku a jere ba wasali ko ɗaya da mutum zai huta.

Tsarinta shi ne ba ta ba ka ma'ana sai ka gama da sauti. Ta miƙo jarida ta ce in karanta da ƙarfi, ko ban gane ko kalma ɗaya ba. Mako shida ina ihu a falonta ban san me nake cewa ba. Ta ce kafin in fahimci rubutun babban mutum sai na yi shekara biyu. To, zan yi.

Ƙanwarka

3 ga Mayu

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Inna tana samun sauƙi. Ido ya warke. Mun fara aikin manyan bututu, kafaɗa ce yanzu ke magana.

Maganar tafiya na janye, ki yi haƙuri. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ita wannan likitar, me ya sa tsohuwa za ta ba ki yammacinta uku duk mako haka kawai? Kin ce can ta yi karatu. Kin tabbata ba ta san Baba ba tun can? Kin tabbata ba ta san da littattafan ba? Wanda ya dube ka ta saman tabarau haka, akwai abin da ya sani.

Sannan ke. Shekara biyu za ki yi kina cizon fensir don ki karanta shafi ɗaya? Ni na san abin da ke shafin nan. An karanta min shi a tsaye, a tsakiyar shago, gaban mutum biyu da suka kawo gyara. Ba na buƙatar a fassara min shi daga wani harshe.

Ki mayar da su aljihun teburin ki tura da ƙafa yadda kika jawo. Mutumin da ya zaɓi haruffan da ba mai iya karantawa a gidansa, ai ya riga ya gaya muku ba ya son a karanta. In kika tono abin da zai sa Inna kuka, ni ba ruwana, kuma kar ki rubuto min shi.

Yayanki

Wannan mai juya bayan, "ya" kika ce sunanta? Na gan ta a jikin wani tsohon janareto a nan, na ɗauka masu fenti ne suka yi kuskure.

24 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna ta fara zagaya tsakar gida ba sanda. Likita ba ta taɓa ganin Baba ba, kaɗaici ne ke damunta, 'ya'yanta duk sun watse. Ka bar baiwar Allah ta huta.

Zauna kafin ka karanta sauran.

Makon jiya muka shiga rubutun hannu, wanda shi ma wata fitina ce. Harafin T in an rubuta shi da hannu sai ya koma kamar m, wasu kuma su haɗe kamar haƙoran zarto. Ranar Asabar da hantsi na ce bari in gwada idona a kan hannun Baba. Na ji tsoron na takwas, sai na ɗauko na uku. Ina zaune a falo, Inna tana ninke wanki a bayana. Na yi yadda Likita ta saba min, ina furtawa da ƙarfi, gaɓa gaɓa, hankalina duk yana kan haruffa, ban ma saurari bakina ba.

Sai na ji Inna ta ce, "Me kika ce?"

Na ce karatu nake, Inna, ba da ke nake ba.

Ta ce, "Maimaita."

Na mayar da yatsa farkon layi. Ya-u. In-jin. Ya. Ki. Ta-shi. Wan-nan. Kar-fe. Ya. Fi. Ni. Tau-rin. Kai.

Zanen da ke hannunta ya faɗi. Ta ce, "Wa ya gaya miki wannan? Haka yake faɗa duk ranar da ya dawo a gajiye."

Yaya, ba Rashanci ba ne. Hausa ce zalla. Haruffansu kawai ya ara ya rubuta maganarsa. Kusan wata uku ina shirin shekara biyu, ashe abin da nake buƙata na riga na samu tun makon farko. Na yi dariya har na ƙware, Inna kuma ta zauna kan wankin tana kuka, ta ce in ci gaba. Muka yini a haka, ranar ko girki ba a yi ba. Yawanci aiki ne, wane ya kawo gyara, wane ƙarfe ya tsage. Amma akwai ranar da aka haife ni. Akwai ranar da ka fara riƙe guduma ka doki yatsanka ka ƙi yin kuka.

Washegari na karanta na takwas ni kaɗai, daga farko har ƙarshe, sannan na karanta wa Inna.

Ka ce kar in rubuto maka, amma zan rubuto. Baba ya yafe maka. Tun tuni ya sauko. Ya rubuta cewa ba zai taɓa iya faɗa da baki ba, shi ya sa ka ga yana tashi ya tafi shago. Ka zo gida, Yaya. Inna ta ce ka zo.

Ƙanwarka

30 ga Yuni

Auta,

Ina gaishe ku. Ni lafiya.

Mako biyar wasiƙarki ta yi a hanya. Ruwa ya cinye gadar da motar ke bi, da ta iso kuma jakar wasiƙun ta jiƙe sharkaf. Na shanya taki a kan murfin janareto. Labarin Inna da wanki ya fito. Ƙasan shafin ne ruwa ya ci. Abin da ya rage a layin shi ne "ya rubuta cewa ba zai taɓa", sai shuɗin tabo. Ba sai an ƙarasa min ba.

Amma a samansa kin ce ya yafe min. To wanne zan ɗauka?

Kuma ya yafe min me? Auta, me na yi da za a yafe min? Ban ɗauki ma'aunin nan ba. Na faɗa ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina faɗa yau, zan faɗa a kabari. In har yafiya ya rubuta, to ya mutu yana ɗaukata ɓarawo ke nan, ɓarawon da aka yi wa alfarma. Ku riƙe alfarmarku.

Bari ma in faɗa miki abin da ke raina, ki ji haushi in kin so. Labarin nan ya cika daɗi. Littattafan da ba mai iya karantawa sai ke. Sai ga shi sun faɗi daidai abin da Inna ta shekara goma sha huɗu tana so a faɗa, daidai lokacin da take son in dawo. Na san ku biyun nan in kuka haɗa kai. Kun taɓa ce min jikinta ya yi tsanani, na kwana biyu a mota, na tarar aikin ido ne na rabin awa.

Kar kuma ki ce za ki kwafo min shafin. Yanzu da kin iya haruffan, me zai hana ki rubuta duk abin da kika ga dama ki ce nasa ne? Ni ban san hannunsa a wannan rubutu ba.

Ki gaishe da Inna. Kar ki karanta mata wannan.

Yayanki

14 ga Yuli

Yaya,

Muna lafiya. Ban karanta mata ba, amma ta ga fuskata.

Da farko ka ce zan gudu in bar uwata. Sannan Likita ta zama 'yar leƙen asiri. Yanzu kuma ni ce mai ƙirƙiro maganar mamaci in sa a bakinsa. Sannu, Yaya. Kai da aka tuhuma ba hujja, kai ne ka fi kowa iya tuhuma. Kamar ku ɗaya da shi, wallahi, har yadda kuke ɗaure fuska a takarda.

Amma akwai inda ka kama ni, kuma ba zan ɓoye ba. Abin da na rubuto maka ba daidai yadda yake a littafin ba ne. Inna ce ta roƙe ni in faɗa maka a haka, ni kuma na yarda, na ɗauka zai fi sauƙi ga kowa. Na yi kuskure. Layin da ruwa ya ci kuwa ba zan maimaita ba, tunda maganata ba ta da daraja a wurinka.

Ga littafi na takwas nan, shi kansa, ba kwafi ba. Na naɗe shi a leda uku, na ce wa direban in ya jiƙe kar ya sake biyowa ta layinmu. Na sa takarda ɗaya a ciki, kowane harafi da sautinsa, na bugawa da na hannu. Ч ita ce c ɗinmu, Ш ita ce sh, Ц ita ce ts. Akwai wani harafi da ba shi da sauti a wurinsu, ъ, shi Baba ya ba shi aiki: in ka gan shi bayan k ko d ko b, to ƙ ce ko ɗ ko ɓ. Fensir ba ka buƙatarsa, bai yi amfani da wannan sautin ba ko sau ɗaya, wahalar banza na sha.

Kar ka karanta a zuci, ba za ka gane ba. Ka buɗe baki ka furta, kunnenka ne zai ji. Ka fara daga shafin farko, kar ka tsallake zuwa ƙarshe.

In ka gama ka ce ni na rubuta, shi ke nan, ba zan ƙara damunka ba.

Ƙanwarka

1 ga Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mota ta je ta dawo sau uku. Direban ya rantse a hannunka ya sa ƙunshin, ya ce ka karɓa ka juya ko sannu ba ka ce masa ba.

In ƙona shi ka yi, ka faɗa min. In ciwo kake, ka sa wani ya rubuto. Inna ta koma zama a bakin ƙofa duk ranar da motar za ta wuce, ƙafar kuma ta fara kumbura. Ni na gaji da ce mata hanya ce ba kyau.

Ƙanwarka

15 ga Satumba

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ki kwantar wa Inna da hankali, ki sa ta ɗaga ƙafar a kan matashi.

Ban ƙona ba. Mako biyu yana ƙarƙashin katifata ban kwance ledar ba. Da na kwance, ba karatu na fara ba, bincike na fara, ba zan yi miki ƙarya ba. Na shinshina takardar. Na duba tawadar ko sabuwa ce. Na ga tabon baƙin mai a gefen shafi, na ce wannan ma ana iya shafawa.

Sannan na ɗauki takardarki. Lokacin hutun rana nake zama bayan kwantenar kayan aiki ina haddacewa, ina zana su da alli a jikin bututu. Dogo, mai tuƙa kuren na ɗaga kaya, wanda muke ɗaki ɗaya, ya same ni ina "sha, ca, tsa" ni kaɗai, ya je ya gaya wa shugaban aiki wai zafin walda ya taɓa min kai. Р ɗin nan ta wahalar da ni, kwana goma ina ce mata P. Layin farko ya ci min hutun rana uku.

Ga abin da na ji bakina yana faɗa:

"Yau na kori yaron. Ya rantse sau uku. Na bi shi tasha bai gan ni ba, na tsaya bayan rumfar mai faci. Ya zauna kan jakarsa daga hantsi har azahar, motoci biyu suka cika suka tashi bai shiga ba. Ya buɗe jakar ya ciro rigata ta aiki, shuɗiyar, mai ƙuna a hannun dama, ya sa. Wannan kam ya ɗauka. Na ce in ya waiwayo sau ɗaya zan kira shi. Bai waiwayo ba."

Auta, ba wanda ya san motoci biyun nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Jira nake a zo a ce in dawo. Rigar tana nan a ƙasan akwatina, ta yi min kaɗan yanzu. Ki yafe min abin da na ce miki, ba ke kika rubuta ba.

Na bi shi shafi shafi yadda kika ce, wata guda cur. Jiya na kai ƙarshe.

"An matsar da babban injin shago don gyaran daɓe. Ma'aunin yana bayansa, cikin akwatinsa, ƙura ta rufe shi. Ni na ɗora shi kan injin ran nan, yanzu na tuna. Yaron bai ɗauka ba. Shekara uku da wata biyu. Na zauna a ƙasa har masu aikin suka tafi. Ban gaya wa uwarsa ba."

Na karanta sau huɗu ko na yi kuskuren harafi. Ban yi ba.

Na ɗauka in ranar nan ta zo zan ji sanyi. Ban ji ba. Shekara goma sha ɗaya ya sani. Ya sani lokacin da na zo na durƙusa na gaishe shi kamar mai laifi, ya bar ni a durƙushe ya tafi shago. Ya sani lokacin da Gwaggo take ɓoye jakarta in na shigo ɗaki. Kalma huɗu ce, "ba kai ba ne", ya gwammace ya rubuta wa aljihun tebur. Yanzu na gane abin da Inna ta sa ki juya. Ba ni ke neman yafiya ba, shi ne. Kuma ban sani ba ko ina da ita.

Kar ki ce in zo tukuna.

Yayanki

29 ga Satumba

Yaya,

Muna lafiya. Inna ta ce in gaya maka ita ma sai a bakina ta ji, a watan Mayu, kuma ta yi mako guda ba ta ambaci sunansa ba. Ta ce tsoro ta ji kar ka tsane shi, shi ya sa ta roƙe ni. Ba ta ce ka yafe ba, ni ma ban ce ba. Ba mu aka kora ba.

Layin da ruwa ya ci, cewa na yi ba zai taɓa iya faɗa da baki ba. Wannan ɗin gaskiya ne, ba na Inna ba ne. Ga inda na samo shi, a littafi na goma, lokacin aikin idon da ka ce mun yaudare ka:

"Ya zo. Na sa ma'aunin a aljihu tun safe. Ya gaishe ni, hannuna yana kan ma'aunin. Na tashi na tafi shago. Kwana uku haka. Ya koma yau. Injin da ya ƙi tashi na san inda zan taɓa. Wannan ban sani ba."

Akwai kuma ɗaya a na goma sha ɗaya, wata biyu kafin ya kwanta. Rubutunsa ya fara lalacewa, da ƙyar na karanta:

"Komai na shagon nan na koya masa ban da haruffan nan. Da na koya masa, da sai in miƙa masa littafin kawai."

Na kwafo ne da hannuna, na kuma san ra'ayinka kan kwafi. In kana so, in aiko su duka biyun a leda uku ka shinshina.

Ma'aunin yana nan. Na same shi a aljihun tsohuwar rigar sanyinsa, a ƙasan akwati. Ya goge shi ya shafa masa mai. Ban nuna wa Gwaggo ba, na bar maka wannan.

Ƙanwarka

13 ga Oktoba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ki gaishe da Inna, ki ce ta bar bakin ƙofa, ranar ashirin da takwas ga wata zan iso, da yamma in hanya ta yi kyau. Na ɗauki hutun wata guda. In na ga yanayin injin, sai mu yi magana kan shagon.

Kar ki aiko da komai. Na yarda da kwafinki.

Ki yi wa Likita godiya, ki tambaye ta yadda ake ba da haƙuri a harshen, ina da buƙata. Gwaggo kuwa ki ce ta zo ranar, ta taho da jakarta.

Ban huce duka ba, kar ki ɗauka na huce. Akwai safiyar da nake tashi in ji kamar in yi jifa da littafin cikin ruwa. Amma na yi ta tunanin mutumin nan tsaye bayan rumfar mai faci yana jira in waiwayo, ni kuma ina zaune kan jaka ina jira a kira ni. Tsakaninmu bai fi taku talatin ba. Kin ce kamarmu ɗaya. Ban ji daɗin maganar ba, amma ba ki yi ƙarya ba.

Akwai rabin shafi da ya bari a ƙarshen na takwas. Na kwana biyu ina gwadawa da alli a jikin bututu kafin in sa biro, don kar in ɓata masa littafi. Tunda a nan ya iya magana, a nan na amsa masa. Na yafe, Baba. Ga yadda na rubuta:

На яфе, Баба.

Ki duba ko daidai ne. In ma akwai kuskure kar ki gyara, shi zai gane.

Yayanki